Madafar Gwaggo: Mandi da Kabsa, Ƙanzon Iraniyawa, da Abin da Baƙo Zai Ci a Ƙasar Sin

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abincin ƙetare suka zo, da alama dawowar alhazai ce ta tayar da zancen. Masu tambaya a kan yajin jego da kunun mai shayarwa ku ƙara haƙuri, kuna kan layi.

Gwaggo, sannu da aiki. Tun da maigidana ya sauka daga aikin Hajji ba shi da zance sai mandi. Na samo basmati na yi masa dafa-duka da kayan ƙamshin da ya zo da su, ya cinye tas, sannan ya ce ai wannan kabsa ce. Na ce mene ne bambancin, ya ce shi dai ci ya sani. Don Allah ki raba mana gardama. Ita kuma biryani ina ta dosa a cikinsu?
*Uwargida, daga Zariya*

'Yata, Alhaji ya fi ki gaskiya. Abin da kika dafa kabsa ce, ko ƙanwarta. Bambancin ba a kayan ƙamshi yake ba, yana wajen yadda nama da shinkafa suke haɗuwa.

Kabsa girkin tukunya ɗaya ce. A soya albasa, a zuba nama ko kaza, a sa tumatir, a bi da kirfa, kanumfari, masoro, kadamon da Larabawa ke kira hel, da busasshen lemun tsami da suke ce wa lumi. In nama ya nuna a tsame shi, a dafa shinkafar a cikin romon, shi kuma a gasa shi sama-sama a ɗora a kai. Tumatirin ne yake sa ta yi ja. Mutanen Kuwait da Bahrain da Katar suna yin kusan irinta, su majbus suke kiranta. Lumin nan kada ki raina shi don kin gan shi baƙi, ba nauyi. Ki huda shi da wuƙa kafin ki jefa a romo. Shi ne ƙamshin da alhazai ke dawowa da shi a hanci amma su kasa faɗin sunansa.

Mandi kuwa daga Hadramaut ta fito, a ƙasar Yaman. Rami ake haƙawa a shafe cikinsa da yumɓu, tanderu ke nan irin na masu gurasa, sai dai ya fi zurfi. A ƙona itace ya koma garwashi, a saukar da tukunyar shinkafa da ruwanta a kai, a ɗora nama a kan waya a saman tukunyar, bai taɓa ruwa ba. Sai a rufe bakin ramin ruf, a toshe duk wata kafa, a ba shi sa'o'i. Zafin da ya rasa mafita shi ke nunar da naman, maiƙonsa yana ɗiga cikin shinkafar, hayaƙi yana ratsa su baki ɗaya. Ba soye-soye, kuma galibi ba tumatir. Shi tumatirin a gefe yake zuwa, markaɗe da barkono da tafarnuwa, kowa ya zuba daidai bakinsa. A gidajen mandi za ki ga wani abu wai shi madbi, wannan nama ne da aka gasa a kan duwatsu masu zafi.

Akwai ta uku da alhazai ke ci kullum a Makka da Madina, suna haɗa ta da kabsa a suna: shinkafar bukhari, mai gogaggen karas da zabibi, wadda ake sayarwa da gasasshiyar kaza. Mutanen Bukhara da maƙwabtansu na tsakiyar Asiya ne suka zo da ita Hijaz, wasu ta hanyar Hajji, da yawa kuma gudun mulkin Sobiyet ne ya kawo su.

To, ba zan ce ki haƙa rami a tsakar gida ba, balle in gidan haya ne. Ga yadda nake yi in an ba ni aikin walima. Ki wanke basmati har sai ruwan ya daina fari, ki jiƙa ta minti 30. Ki shafe kaza da gishiri, kurkum, kamun, masoro da man shanu. A babbar tukunya ki ɗan soya albasa ba tare da ta yi ja ba, ki jefa kirfa, kanumfari, hel da lumi, ki zuba ruwa. Ki ɗora gwagwa ko madambaci a sama, ki jera kazar, ki rufe da kyau ta turara, ruwan jikinta yana komawa tukunya. In ta nuna ki sa ta a oben ta yi ja. Romon da ya rage ki auna: kofi ɗaya na shinkafa, kofi ɗaya da rabi na romo. Da shinkafar ta tsotse ruwa ki rage wuta sosai. Bayan ta nuna ki mayar da kazar a kai, ki nutsa ɗan ƙaramin kwanon ƙarfe a tsakiya, ki sa garwashin gawayi guda ɗaya da ya yi jajir, ki ɗiga masa cokalin mai. Zai tashi da hayaƙi nan take. Ki rufe, ki ba shi minti 5 zuwa 10. Gawayin itace fa, ba wanda aka kunna da kalanzir ko leda ba, in ba haka ba duk wahalarki ta tashi a banza.

Biryani ta mutanen Indiya da Pakistan ce, ita kuma hawa-hawa ake yinta. Shinkafa daban, a tafasa ta a tsame tun da sauran tsakiyarta. Nama daban, a jiƙa shi cikin kindirmo da citta da tafarnuwa da soyayyiyar albasa. Sai a shimfiɗa nama, a rufe da shinkafa, a yayyafa madara mai za'afaran da na'a-na'a, a liƙe murfin da kwaɓaɓɓiyar fulawa, tururi ya ƙarasa aikin. Wannan rufewar suke kira dum. A Hyderabad har ɗanyen nama suke shimfiɗawa a ƙasa ya nuna tare da shinkafar, aikin da sai gwani. Ta Kolkata da dankali a ciki, ana kuma danganta wannan da mutanen fadar Wajid Ali Shah, sarkin Awadh da Turawan Ingila suka tuɓe a 1856 ya koma can da zama. In kin ga biryani launi ɗaya daga sama har ƙasa, an juya ta ne, dafa-duka ce ta ari suna.

Gwaggo, ni amarya ce, wata na huɗu ke nan. Duk shinkafar da na dafa sai ta yi ƙanzo. Ranar da dangin miji suka zo, ƙanwarsa ta leƙa tukunya ta yi dariya. Sai ga shi wata ƙawata da ke karatu a waje ta ce wai akwai ƙasar da ƙanzo ake fara ba baƙo. Zolayata take yi ko gaskiya ne?
*Amarya, daga Gusau*

Ba zolaya ba ce, 'yata. A Iran ƙanzo shi ne abin alfaharin mai girki. Tahdig suke kiransa, wato gindin tukunya, kuma da gangan ake yinsa. Sukan tafasa shinkafa a ruwa mai yawa da gishiri, su tace tun ba ta gama nuna ba. Sai su zuba mai ko man shanu a tukunya, su ɗebi kaɗan daga shinkafar su cakuɗa da kindirmo da ruwan za'afaran, su shimfiɗa a ƙasa su danna. Wasu yankakken dankali suke jerawa a madadin haka, wasu siririyar gurasarsu ta lawash. Ragowar shinkafar a tula ta a kai, a huda ta da ƙotar ludayi wuri-wuri don tururi ya sami hanya, a naɗe murfi da tsumma mai tsabta don kada gumi ya koma ciki. Wuta kaɗan, minti 45 zuwa awa ɗaya. Sai a kifa tukunyar a faranti, ƙanzon ya fito a sama, ruwan zinariya, yana ƙaras-ƙaras. A kan wannan ɓawon yara da manya suke rububi.

Ba su kaɗai ba ne. Mutanen Valencia a Sifen, masu shinkafar paella, suna ƙara wuta a ƙarshe don ƙasan ya kama, su ce masa socarrat. Koriyawa nurungji suke kiran nasu, har a shago ake sayar da shi, kuma sukan zuba ruwa a tukunyar su tafasa su sha bayan cin abinci. A Senegal mai dafa cebujen, shinkafarsu da kifi, tana kankare shi ta kawo a gefe. 'Yan Gana ma da sunanmu suke kiransa, kanzo.

Amma fa kada ki tafi wajen ƙanwar miji da wannan hujjar tukuna. Akwai ƙanzo, akwai ƙonewa. Wanda ya yi baƙi, yana ɗaci, ya ba shinkafa ƙauri, wannan ba mai so ko a Tehran. Abin da na fi zato tukunyarki mai siririn gindi ce, irin ta kayan ɗaki da aka saya don kyan gani, kuma a kan gas kike girki da wutar da ta dace da murhu. Ki sayi tukunyar dalma mai kauri. Da ruwa ya janye daga saman shinkafa ki mayar da wuta can ƙasa, ki rufe, ki daina buɗewa kina juyawa. In gas ɗinki ba ya raguwa yadda ake so, ki ɗora tsohon kaskon suya a kan wutar, tukunya a samansa. In kin ƙware a wannan, sai ki gayyato ƙanwar tasa ki kifa mata tahdig a faranti.

Wasiƙu biyu na gaba magana ɗaya suke yi, don haka na haɗa su.

Gwaggo, ina kasuwancin kayan waya, kuma a karon farko zan bi maigidana zuwa Guangzhou sarin kaya. An ce mini in tafi da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kilishi don ba abin da Musulmi zai ci a can. Haka ne?
*Ɗanki, daga Kano*

Inna, na sami gurbin ƙaro karatu a birnin Lyon na Faransa. Faransanci ba ya ba ni wahala, amma sunayen abincinsu ba a makaranta aka koya mana ba. Waɗanne zan kiyaye? Kuma an ce in an dafa giya a cikin miya tana ƙonewa ta tafi, gaskiya ne?
*Ɗaliba, daga Damagaram*

Ɗana, gari da ƙuli ka tafi da su in kana so, suna maganin dare. Kilishi kam ka bar shi, ƙasashe da yawa ba sa yarda a shiga da nama, kada a karɓe maka a filin jirgi. Wanda ya ce ba abincin Musulmi a Sin bai zaga ba. Musulunci ya fi shekara dubu a ƙasar, kuma masallacin Huaisheng da ke Guangzhou ɗin nan yana cikin mafiya tsufa a can. Unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka suka saba sauka, gidajen abincin halal ne a jere.

Abin da za ka haddace haruffa biyu ne: 清真. Ana furta su kamar “cing-jan”, su ne alamar halal a wajensu, yawanci a kan koren allo. Ka ajiye hotonsu a waya. Kada ka tsaya neman rubutun Larabci, don a shekarun baya hukumomi sun sa an sauke shi daga allunan shaguna da dama, amma waɗannan haruffan suna nan. Shagon da zai fi ceto ka shi ne na taliyar Lanzhou, wadda ake ja da hannu a gabanka a zuba a romon naman sa. Kusan kowane birni akwai shi, mafi yawa kuma Musulmi 'yan ƙabilar Hui ne ke riƙe da shi. In ka sami gidan abincin Uyghur na Xinjiang, nan za ka ji kamar ka zo gida: tsiren rago da kamun da barkono, gurasar tanderu, da polo, shinkafa da karas da naman rago.

A shagon da ba shi da waccan alamar sai ka yi hattara da abu uku. In an rubuta “rou”, wato nama, ba a faɗi na wace dabba ba, to alade ake nufi. Naman sa niurou ne, na rago yangrou, kaza jirou. Na biyu kitsen alade, wanda ake soya ganye da shi, ake kuma sa shi a kayan fulawa, don haka cewa “ganye kawai zan ci” ba ta fitar da kai. Na uku giyar girki, liaojiu, wadda kusan duk nama da kifi sai an ɗan zuba masa don kashe ƙarni.

Ke kuma 'yata, Allah Ya kai ki garin da suke taƙama da sarrafa alade. Ƙananan gidajen abincin gargajiya na Lyon, bouchon, rabin abin da ke cikin takardarsu shi ne. Porc da cochon kin san su. Waɗanda ke ɓoye su ne jambon, lardons, saucisson, rosette, rillettes, andouillette, saindoux, da boudin noir, wanda shi jini ne ma aka dafa a hanji. Quiche lorraine da croque-monsieur kamar ƙwai da cuku da burodi ne a ido, amma akwai shi a ciki. Salade lyonnaise ma haka, kada sunan salak ya ruɗe ki. In kin tsallaka Italiya hutu, prosciutto, pancetta, guanciale da mortadella duk gida ɗaya ne, kuma taliyar carbonara da shi ake yi. Alawa mai taunuwa da wasu kayan zaƙi masu karkarwa, ki duba ko an rubuta gélatine. A Turai yawancinsa daga fatar alade ake samo shi, sai in an bayyana na sa ne ko na kifi. Sauƙin da kike da shi, Faransa cike take da mutanen Aljeriya da Maroko da Tunisiya. Ki nemi unguwar Guillotière, mahautan halal suna nan, da kuskus da merguez, sosej ɗinsu na naman sa da rago.

Maganar giya tana ƙonewa, rabin gaskiya ce. Wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 1992, wanda ma'aikatar aikin gona ta ƙasar take kafa hujja da shi, ya auna abin da ke saura. Abincin da aka zuba wa giya aka kunna masa wuta ta yi bal ta mutu, wato flambé, kashi 75 cikin 100 na barasar yana nan. Wanda ya yi minti 15 yana dahuwa, kashi 40. Awa ɗaya, kashi 25. Sai bayan awa biyu da rabi ya sauko kashi 5. Saboda haka coq au vin da boeuf bourguignon, da baba au rhum da crêpes Suzette, da yawancin tiramisu, ki san da abin da aka haɗa su. Har ruwan vanilla na kek: a dokar Amurka ba a kiransa tsantsa sai yana da barasa aƙalla kashi 35, shi ya sa ni na garin nake saye. Hukuncin ɗan abin da ya saura, da na yankan da ba Musulmi ya yi ba, wannan fagen malamai ne, kuma ku tambaye su tun kafin ku hau jirgi. Nawa shi ne in gaya muku abin da ke cikin tukunyar. Kada kuma kunya ta hana ku tambayar mai kawo abinci. Sun saba da masu cewa ba sa cin wannan ba sa cin wancan.

Hajiya Gwaggo, mahaifina manomin aya ne. Kowace shekara dillalai suna saye buhu-buhu, su ce Turai za a kai. Muna ta mamaki, me Bature zai yi da aya?
*Mai karatu, daga Maraɗi*

Kunun aya zai yi, ɗana, ba wani abu ba. A yankin Valencia na Sifen abin shan da suke ji da shi lokacin zafi shi ne horchata, ana furta shi “orcata”, ita ayar kuma chufa. Larabawa ne ake cewa sun yaɗa nomanta a can zamanin Andalus, kuma tun kafin su an same ta a kaburburan mutanen Masar na dā. Garin Alboraya, dab da birnin Valencia, shi ne cibiyarta. Akwai shaguna da ba abin da suke sayarwa sai wannan. Har rajista suka yi wa tasu ayar da sunan Chufa de Valencia, ba mai liƙa wa ta wani wuri wannan suna. Sai dai gonakin nasu ba sa isar kamfanoni, shi ya sa suke saye daga Nijar da Burkina Faso da Mali. A nan buhunan mahaifinka suke shigowa.

Haɗin nasu bai kai namu kaya ba. Su jiƙa aya ta kwana, su markaɗa, su tace, su sa sukari, wani lokaci da ɗan ɓawon lemo ko kirfa. Shi ke nan. Ba dabino, ba kwakwa, ba citta ba kanumfari. Suna shan shi da sanyi ƙarara, wani har da ƙanƙara-ƙanƙara, suna tsoma wani dogon burodi mai zaƙi da ake kira farton. Ni dai namu ya fi mini, amma na yarda nasu ya fi fitar da ɗanɗanon ayar kanta, don mu wani lokaci kanumfari yakan danne komai. Matsalarsu da tamu ɗaya ce: ɗanyen kunun aya ba ya jure zafi, yini ɗaya ya isa ya yi tsami ya yi yauƙi. Mai sayarwa ta yi kaɗan-kaɗan, ta sa ƙanƙara tun daga wajen markaɗe.

Ana kuma niƙa ayar a yi gari ga masu gudun alkama, ana tatsar mai. Wani kason, kada ka gaya wa Baba, masu kamun kifi da ƙugiya a Ingila ne suke saye su dafa su yi tarko da shi.

In ka ji horchata a bakin ɗan Meziko kuma, ba aya a ciki: shinkafa ce aka jiƙa da kirfa aka markaɗa. Su abin da suke saye daga wajenmu zoɓo ne, wanda suke kira jamaica, kuma mai yawa daga Jigawa yake tashi. Shi ne karkade a Masar da Sudan, bisap a Senegal, sobolo a Gana.

Gwaggo, wani abokin kasuwancina Balarabe ya gayyace ni gidansa a Dubai. Yaro ya riƙa zuba mini gahawa a ɗan ƙaramin kofi, da na shanye na miƙa sai ya ƙara. Na sha har na rasa ƙidaya, daren nan ban rintsa ba. Kuma kofin ko rabi ba ya cikawa. Rowa ce ko me?
*Alhaji, daga Sakkwato*

Ranka ya daɗe, ba rowa ba ce, girmamawa ce. A al'adarsu ɗan kaɗan ake zubawa don a daɗe ana yi wa baƙo hidima. Cika finjali maƙil kamar an ce sha ka tashi ne. Miƙa shi haka kawai kuwa, cewa ka yi a ƙaro. In ka ƙoshi, ka ɗan girgiza finjalin hagu da dama tsakanin yatsunka sannan ka miƙa, yaron zai wuce. Da hannun dama ake karɓa, kuma ɗaya zuwa uku shi ne daidai. Ba a sa mata sukari, dabinon da aka ajiye a gabanka shi ne zaƙinta. Ba ta yin baƙi irin ta Turkawa saboda sama-sama ake soya 'ya'yan, a dafa da hel, wani lokaci da za'afaran. Butar mai dogon baki sunanta dalla. Duba kwabon dirhami ɗaya na Daular Larabawa, hotonta ne a jiki. A 2015 UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan gahawa cikin al'adun duniya da ake adanawa.

Anti Gwaggo, yayana da ya yi karatu a Masar ya ce shawarmar da muke ci a nan ba shawarma ba ce. Me ya rage mata?
*'Yar makaranta, daga Jos*

Ba ragi aka yi mata ba, ƙari aka yi. Kabeji da mayonis da ketchup da sosej a tsakiya, wannan namu ne. A Labanon da Siriya ta kaza tana zuwa da tum, wato farar miyar tafarnuwa, da kokwamba mai tsami, wani lokaci da soyayyen dankali a ciki. Ta nama kuma da tahina, markaɗaɗɗen riɗi, da albasa da faski da tumatir. Gasa nama a tsaye a jikin ƙarfe mai juyawa daga Turkiyya ya samo asali a ƙarni na 19, ana yawan ambaton birnin Bursa. Can döner ne, kuma Turkawa 'yan ci-rani sun mayar da shi abincin titi a Jamus tun shekarun 1970. Girkawa suna da gyros, 'yan Labanon da suka yi ƙaura zuwa Meziko kuma su ne silar tacos al pastor. Waɗannan biyun na ƙarshe yawanci alade ne, ko da kin ga ƙarfen yana juyawa kamar na mai shawarmar unguwarku.

Ki ba yayanki mamaki da tum. Kofi ɗaya na ɓararriyar tafarnuwa, ki tsaga kowace ki cire ɗan koren tsiron ciki don shi ke kawo ɗaci. Ki markaɗa da ƙaramin cokali biyu na gishiri har ta yi laushi. Sai man gyaɗa marar ƙamshi kofi uku da ruwan lemun tsami rabin kofi: injin yana juyawa, ki riƙa zuba man siriri-siriri, in ya fara kauri ki ɗiga lemo, ki koma kan mai, har su ƙare. Garaje ne kaɗai ke tsinka shi. In ya tsinke, ki kwashe, ki markaɗa sabuwar tafarnuwa kaɗan, ki riƙa mayar da tsinkakken a hankali kamar shi ne man. A kwalba mai murfi cikin firij yakan yi makonni, kuma yana shiga da gasasshen kifi da dankali, ba sai shawarma ba.